Tambayoyi da amsoshi kan tsara aikin wasan labarinka na farko

Wasan labari, wanda masu harkar ke kira bijuwal nobel, wasa ne na kwamfuta ko waya da ake karantawa: rubutu a cikin akwati a ƙasan allo, hoton wuri a baya, mutanen labarin a tsaye a gaba, kiɗa yana tafiya a hankali, jefi-jefi kuma a tsaya a ba mai wasa zaɓi. Haɗa shi ba ya buƙatar gwanintar kod mai zurfi. Abin da ya fi kashe ayyukan farko shi ne yin abubuwa ba bisa jerinsu ba, don haka yawancin amsoshin nan kan jeri suke: me zai riga me, kuma me ya sa.

Da me zan fara, labari ko zane ko kod?

Da labari, amma ba da rubuta shi gaba ɗaya ba. Ka fara da shafi guda da ke faɗin wane ne jarumin, me yake so, me ya tare masa hanya, da yadda abin zai ƙare. Daga nan ka tsaga labarin zuwa fitowa-fitowa, kowace fitowa layi ɗaya a jadawali: lambarta, wurin da take faruwa, dare ne ko rana, su wa ke cikinta, me ya canza a ƙarshenta. Wannan jadawalin shi ne uwar aikin, domin daga cikinsa za ka ƙirga hotuna, kiɗa, kwanakin aiki da kuɗi.

Bayan jadawali sai daftarin farko na rubutu, sai a zuba shi cikin inji, watau manhajar da ake haɗa wasan da ita, da hotunan riƙon ƙwarya, a buga wasan daga farko har ƙarshe duk muninsa, a gyara rubutu, a rufe shi. Sai a lokacin ne zanen gaske zai fara. Dalilin wannan jerin mai sauƙi ne: goge jimla ba ya cin komai, amma zubar da hoton da aka kwana uku ana zanawa asara ce. Wanda ya riga malam masallaci ya sa aka zana masa ɗakin karatu mai kyau, daga baya ya gane fitowar ɗakin karatun ba ta da amfani a labarin, ko dai ya jefar da hoton ko ya bar fitowa maras amfani don kada hoton ya tafi a banza. Yawanci na biyun ake zaɓa, kuma wasan ne ke cutuwa.

Wane tsawo ya dace da aikin farko?

Wanda za a karanta a zama ɗaya, tsakanin minti ashirin zuwa awa guda. A ƙiyasin da masu yin irin wannan wasa suka saba amfani da shi, kalmomi 10,000 suna kai wajen awa ɗaya, saboda mai wasa yana danna kowane layi, yana kallon hoto, yana jiran sauyin fage. Kada ka dogara da ƙiyasin kaɗai. Zuba kalmomi 1,000 a cikin injin, ba wani ya buga, ka duba agogo, sannan ka ninka.

Ma'aunin da ya dace shi ne kalmomi 5,000 zuwa 10,000, mutane biyu ko uku, wurare huɗu ko biyar. Idan labarin da ke ranka na masarautu bakwai ne da mutane ashirin, ajiye shi ya zama na uku ko na huɗu. Na farko makaranta ce: a nan za ka gane awa nawa fitowa ɗaya take ci a hannunka, kuma in babu wannan lambar duk jadawalin da ka tsara zato ne.

Rassa nawa zan yi wa labarin?

Nan ne lissafi ke yaudarar mutane. Idan kowane zaɓi yana raba labarin gida biyu kuma rassan ba sa sake haɗuwa, zaɓi uku sun haifar da ƙarshe 8, zaɓi biyar 32, zaɓi goma 1,024. Babu mai rubuta haka. Abin da ake yi a zahiri shi ne a bar reshe ya fita na ɗan lokaci, layi goma ko ashirin, sannan ya dawo kan babbar hanya, amma wasan ya riƙe abin da mai wasa ya zaɓa a cikin wata ma'ajiya. Can gaba sai a duba ma'ajiyar a canza jimla ɗaya ko biyu, ko a yanke wane ƙarshe zai samu.

Misali: a fitowa ta uku mai wasa ya zaɓi ya ɓoye wa Zara wasiƙa ko ya nuna mata. Duk hanyoyin biyu suna kaiwa fitowa ta huɗu. Amma a fitowa ta tara, idan ya ɓoye, Zara za ta ce masa ta daɗe da sanin yana da ita. Jimla ɗaya ce ta ƙaru, amma mai wasa ya ji cewa wasan yana tuna abin da ya yi, kuma wannan jin shi ne abin da yake nema daga zaɓi, ba yawan rassa ba.

Ka kuma tuna kowane reshe rubutu ne da wasu ba za su taɓa gani ba. Idan farkon labarin da kowa zai karanta kalmomi 5,000 ne, sannan hanyoyi uku kowace 5,000, ka rubuta 20,000 amma mai bugu ɗaya ya ga 10,000. A aikin farko, ƙarshe biyu ko uku sun isa. Wasan da ba shi da zaɓi ko ɗaya ma salo ne da aka sani kuma yana da masoyansa. Babu laifi a fara da shi.

Zana taswirar rassan kafin rubutu, ko a takarda ko a manhajar Twine, wadda ke nuna fitowa a matsayin akwati da layin da ke haɗa su. Duk akwatin da babu kibiyar da ta shiga cikinsa, ko babu wadda ta fita alhali ba ƙarshe ba ne, kuskure ne da ka kama tun bai zama kod ba.

Wane inji zan yi amfani da shi?

Ren'Py shi ne amsar da ta dace da mafi yawan masu farawa. Kyauta ne, an fara fitar da shi a 2004, an gina shi kan harshen Python, kuma yana zuwa da abubuwan da mai wasa yake tsammani tun ba ka rubuta komai ba: adana wasa da ɗauko shi, komawa baya, tsallake abin da aka riga aka karanta, tarihin maganganu, daidaita saurin rubutu da ƙarar sauti. Daga aiki ɗaya yana fitar da wasa na Windows, Mac, Linux, Android, iOS da na burauza. Akwai wasu hanyoyin, kamar TyranoBuilder ga wanda ya fi son ja da ajiyewa da linzami, ko Unity da Godot ga wanda wasansa ke da ɓangaren faɗa ko yawo mai yawa. Amma a waɗannan biyun na ƙarshe za ka gina ko ka haɗa tsarin adanawa da na komawa baya da kanka, aikin da zai cinye makonni ba tare da ya ƙara wa labarinka komai ba.

Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Sauya inji a tsakiyar aiki tufka da warwara ce.

Me ya kamata in yanke tun ranar farko wanda ba ya gyaruwa daga baya cikin sauƙi?

Girman allo. Ren'Py yana tambayarka tun lokacin ƙirƙirar aiki, kuma fiksel (ɗigon allo) 1920 sau 1080 shi ne zaɓin da ya fi dacewa yanzu. 1280 sau 720 ya fi sauƙin nauyi amma yakan yi dishi-dishi a babban allo. Duk hoton wuri, akwatin rubutu da maɓalli za a yi su ne bisa wannan ma'aunin, shi ya sa ake cewa tun ran gini ran zane. Mai zane ya yi aikinsa a girman da ya ninka wannan, ya ajiye asalin fayil mai shimfiɗu, watau wanda kowane ɓangaren zanen ke zaune daban a cikinsa, sannan a rage don wasa. Rage hoto ba ya ɓata shi, ƙara masa girma ke ɓata shi.

Na biyu salon haruffa. Ka gwada shi da duk haruffan da rubutunka ke buƙata tun kafin ka gina akwatin rubutu a kansa. Salo da yawa masu kyan gani ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka ga ɗan akwati a madadinsu. DejaVu Sans da ke zuwa da Ren'Py yana da su. Ka kuma duba lasisin salon ya yarda a saka shi a cikin wasa.

Yaya zan san hotuna nawa nake buƙata?

Koma kan jadawalin fitowa ka ƙirga iri uku daban-daban: hotunan wurare, hotunan mutane a tsaye, da cikakkun hotuna na musamman da ke cika allo a manyan lokutan labari.

Wurare: jera su, sannan ka tambayi kowanne ko dole ne. Fitowar da aka yi a corridor ɗin da ba a sake komawa ba, watau wani lungu na wucewa, yawanci za a iya mayar da ita ɗakin da kake da shi. Dare da rana na wuri ɗaya ba lallai su zama zane biyu ba. Injin yana iya rina hoton da shuɗi-shuɗi ya zama dare, sai dai idan akwai taga ko fitilar da dole haskenta ya canza.

Mutane: nan lambobi ke kumbura. Mutum uku, kowa da kaya biyu da yanayin fuska shida, idan kowane haɗi hoto ne mai zaman kansa, hotuna 36 ke nan. Ƙara tsayuwa ta biyu, sun zama 72. Amma idan aka raba jiki daban fuska daban, kowane mutum yana da jiki biyu da fuska shida, guda takwas, jimilla 24, kuma injin ne zai riƙa ɗora fuska kan jiki da umarnin layeredimage. Ƙarin tsayuwa ma ba zai wuce ƙarin jiki biyu ga kowa ba, muddin kai bai juya ba. Sharaɗin shi ne duk shimfiɗun mutum ɗaya a fitar da su a girman faifai ɗaya, ba tare da an yanke gefen da babu komai ba. In aka yanke, baki zai koma kan kunci, ido ya hau goshi.

Fuska shida sun ishi yawancin gajerun wasanni: ta yau da kullum, murmushi, baƙin ciki, fushi, mamaki, da ɗaya ta musamman ga halin mutumin. Kada ka zaɓe su daga kai. Bi rubutun da ka gama ka sa wa kowane layi yanayin da yake buƙata, sannan ka ƙirga. Sau da yawa za ka tarar akwai yanayin da ya fito sau ɗaya tak, wanda za a iya maye gurbinsa da na kusa da shi.

Hotunan musamman su ne mafi tsada, domin kowanne sabon zane ne daga tushe. Uku zuwa biyar sun isa: tsakiyar labari, kowane ƙarshe, wataƙila da buɗewa.

Mene ne hoton riƙon ƙwarya, kuma me ya sa ake nacewa a kansa?

Duk wani abu da zai tsaya a gurbin hoton gaske: akwati mai launi da aka rubuta sunan wurin a kai, ɗan zanen sanda, inuwa. Ren'Py ma da kansa yana nuna inuwar mutum da suna a lokacin aiki idan ka kira hoton da bai samu ba. Amfaninsa shi ne ka buga wasan gaba ɗaya tun babu zane ko ɗaya. Rubutun da ya yi daɗi a takarda yakan zama wani abu dabam a akwatin da ba ya ɗaukar fiye da layi uku ko huɗu: sakin layi mai tsawo ya tsage gida biyar, barkwancin da ya dogara da sauri ya mutu tsakanin danni biyu, bayanin kamannin ɗaki ya zama maimaici tunda ga ɗakin nan a allo.

Ka ba hoton wucin gadi ainihin suna da girman da na gaske zai ɗauka. Ranar da na gaske ya iso, sai ka kwafa shi kan tsohon, ba ka taɓa kod ba.

Yaya zan sa wa fayiloli suna?

Ren'Py yana duba foldar images ya mayar da sunan fayil ya zama sunan hoto. Fayil mai suna zara murmushi.png ana kiransa da show zara murmushi. Kalmar farko ita ce alamar mutumin, don haka idan ka rubuta show zara fushi, sabon zai maye gurbin tsohon a inda take tsaye. Idan ka juya ka sa murmushi zara, injin zai ɗauke su abubuwa biyu daban, ka ga Zara biyu a allo.

Ƙananan baƙaƙe kawai, babu haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil, ko da kuwa rubutun wasan yana cike da su. Windows ba ya damuwa da bambancin babban baƙi da ƙarami, wasu tsarukan suna damuwa, shi ya sa fayil ɗin da ke aiki a kwamfutarka zai iya ɓacewa a ta wani. Hotunan mutane su zama PNG ko WEBP saboda bayansu ya kasance fayau. Wurare za su iya zama JPG ko WEBP. Kuma kada sunan ya ɗauki tarihin gyara, irin su na ƙarshe, na ƙarshe na gaske, sabon na ƙarshe. Wannan aikin wata manhaja ce da za a zo kanta.

Yaushe zan ba mai zane aiki, me kuma zan ba shi?

Zanen gwaji na kamannin mutane zai iya farawa da wuri, yana ma taimaka wa marubuci. Zanen da za a biya kuɗi mai nauyi sai an rufe rubutu. Kafin a ba da aikin gaba ɗaya, a yi samfuri: fitowa ɗaya tak a gama ta tsaf, da wuri ɗaya, mutum ɗaya, akwatin rubutu na gaske da kiɗa. A nan ake gano cewa launin rigar jarumar ya nutse cikin launin bango, ko akwatin rubutu, wanda ke cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan allo, ya rufe hannun da ke riƙe da wasiƙar da labarin ya rataya a kanta.

Takardar aiki ta ƙunshi girman faifai da fiksel, daga ina zuwa ina za a zana mutum, tsawon kowa idan aka jera su, daga wane ɓangare haske ke zuwa, jerin fuskoki da sunayen fayilolinsu, da hotunan misali. A rubuce a yarda kan gyara sau nawa ke cikin farashi, a wane mataki za a iya neman gyara, ko za a miƙa asalin fayil mai shimfiɗu, da ko an yarda a yi amfani da zanen a wasan sayarwa da tallarsa. Gyara ana yinsa ne a matakin zanen fensir. Wanda ya jira sai an gama launi sannan ya ce a juya kafaɗa, sabon aiki ya nema, ba gyara ba.

A ina zan yi rubutun, manhajar rubutu ko kai tsaye cikin fayil ɗin wasa?

Daftarin farko ka yi shi duk inda hannunka ya fi sakewa, amma da siffar da za ta zuba cikin sauƙi: kowane layi magana ɗaya, sunan mai magana a gaba. Da zarar an zuba shi cikin fayilolin rpy, watau fayilolin rubutun Ren'Py, can ne gidansa. Kada a riƙa gyara a wurare biyu, domin cikin mako guda ba wanda zai san wanne ne na gaskiya.

Kurakuran zubawa sanannu ne. Manhajojin rubutu suna mayar da alamar zance miƙaƙƙiya ta zama lanƙwasasshiya, injin kuma ba ya ɗaukar lanƙwasasshiyar a matsayin farkon magana. Ba ya yarda da maɓallin tab wajen tura layi ciki, sai tazara, kuma huɗu aka saba. Baka mai kusurwa da baka mai lanƙwasa suna da aiki na musamman a cikin magana, don haka in kana son su fito a allo sai ka ninka ta buɗewa. Ka kewaye magana da alamar zance mai biyu, don apostrofin kalmomi irin su 'yan da ma'ana kada ya yanke layin. Raba rubutun fayil-fayil bisa babi, sunan kowane label, watau alamar da ke nuna farkon wani sashe na rubutun, kuma ya dace da lambar fitowa a jadawali.

Me ya sa wasana ke mantawa da zaɓin mai wasa idan aka ɗauko ajiya?

Kusan kullum bambancin umarnin define da na default ne. Abin da ba ya canzawa, kamar sunan mutum da launinsa, ana kafa shi da define. Abin da ke canzawa yayin wasa, kamar ko an ɓoye wasiƙa ko makin amana, ana kafa shi da default, wanda ke ba shi ƙimar farko kuma ya tabbatar yana nan har ga ajiyar da aka yi kafin ka ƙirƙire shi. Ma'ajiyar da aka fara ambata kawai a cikin wani reshe, wanda bai bi reshen ba zai ci karo da kuskure a lokacin da aka zo duba ta. Tara dukkansu a fayil ɗaya, kowace da layin bayanin inda ake canza ta da inda ake duba ta.

Kiɗa, sauti da murya fa?

Kiɗa huɗu zuwa shida sun ɗauki wasan awa ɗaya: na allon farko, na yau da kullum, na damuwa, na baƙin ciki, na ƙarshe. Tunda zai riƙa zagayowa, Ogg ko Opus sun fi MP3, wanda yakan bar ɗan shiru a mahaɗa. Daidaita ƙarar dukkansu a manhaja irin Audacity, ka saurara da abin kunne da kuma lasifikar waya. Kiɗan kyauta yana da sharuɗɗa gwargwadon lasisinsa: CC0 ba ya neman komai, CC BY yana neman a ambaci mai shi, wanda ke da NC bai yarda da wasan sayarwa ba. Ranar da ka sauke fayil, ranar za ka rubuta sunan mai shi, inda ka samo da lasisinsa a jadawali. Bayan wata shida ba za ka tuna ba.

Ɗaukar muryar masu karanta maganganun mutanen labarin kuwa, a aikin farko mun fi ba da shawarar a bar ta. In dole ne, ita ce ta ƙarshe, bayan rubutu ya rufu ruf. Ren'Py yana ba kowane layi lambar shaida da yake samarwa daga sunan label da abin da layin ya ƙunsa, kuma da wannan lambar tsarin murya mai sarrafa kansa da tsarin fassara suke gane layi. Gyara waƙafi ɗaya zai iya canza lambar, murya ta yi shiru, fassarar layin ta ɓace, sai dai in ka kafa wa layin lamba ta dindindin da id.

Mu uku ne, yaya za mu hana fayiloli cakuɗewa?

Da manhajar Git, ko da mutum ɗaya ne. Yana riƙe tarihin kowane gyara, kana iya komawa yadda aikin yake makon jiya, kuma mutum biyu suna iya aiki kan babi daban-daban ba tare da ɗaya ya shafe na ɗaya ba. Manyan fayilolin zane masu shimfiɗu a ajiye su daban, abin da aka fitar don wasa kawai ya shiga. Kwafi guda kuma ya kasance a wajen kwamfutar aiki.

Kowane ɓangare ya samu mutum ɗaya mai maganar ƙarshe, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe jadawalin kaya, inda kowane hoto da sauti ke da layi: suna, fitowar da yake ciki, wanda ke yinsa, matakin da yake. Wani kuskure da ke ruɗa sababbi: idan ka canza sunan fayil ɗin rpy ko ka goge shi, ɗan'uwansa rpyc da injin ya samar yana nan, sai a ce maka an kafa label sau biyu alhali kai ɗaya kake gani. Goge marayan rpyc ɗin.

Wata nawa zan ware?

Auna, kada ka zata. Samfurin fitowa ɗaya ya nuna maka awa nawa rubutu, zane da haɗawa suka ci. Ninka da yawan fitowa, ƙara rabin abin da ya fito, sannan ka raba da awannin da kake da su a mako na gaskiya. Abin da aka fi rainawa shi ne daidaita fage: wa zai shigo ta dama, yaushe fuska za ta canza, ina kiɗa zai tsaya. Layi-layi ake yinsa, kuma yakan ci lokaci daidai da rubutun kansa. Allon menu, hoton shafin talla da jerin sunayen masu aiki ma a sa su a jadawali, ba sa yin kansu.

Tun farko ka ware abin da za ka yanke idan lokaci ya ƙure: ƙarshe na uku, kaya na biyu, ɗakin kallon hotuna. Wanda ke buƙatar wa'adin da zai tilasta masa, akwai gasar NaNoRenO da ake yi a watan Maris, inda ake ƙoƙarin gama wasa cikin wata ɗaya.

Yaya ake gwaji?

Fara da Lint da ke cikin manhajar ƙaddamarwa ta Ren'Py. Yana kama hoton da ba a samu ba, tsallake zuwa label da babu shi, ya kuma ba ka adadin kalmomin wasan. Amma ba ya sanin cewa Zara tana murmushi a wurin mutuwa, ko wanda ya bar ɗaki har yanzu yana tsaye a allo saboda an manta umarnin hide mai cire shi. Wannan sai ido. Bi kowace hanya a taswirarka ka sa mata alama, ka adana a tsakiyar fitowa ka rufe wasan ka ɗauko, ka koma baya ta kan zaɓi ka canza shi.

Sannan mutum uku zuwa biyar da ba su san labarin ba su buga abin da aka fitar, ba daga foldar aikinka ba, a kwamfutar da ba taka ba. Kada ka yi musu bayani. Duba inda suka fara dannawa da sauri. Nan ne rubutun ya gundure su, ko da sun ce ya yi daɗi. Mai duba kuskuren rubutu kuma ya zama ba marubucin ba.

Ina zan fitar da shi?

A shagunan wasanni na intanet, irin su itch.io da Steam. itch.io ba ya karɓar kuɗin shiga, kai ke zaɓar kason da za ka bar masa, kuma yana ɗaukar wasan da ake bugawa a burauza. Steam yana karɓar dala 100 kan kowane wasa, yana mayar da ita idan wasan ya samar da dala 1,000, kuma yana da jira: kwana 30 bayan biya, shafin wasan ya kasance a fili aƙalla mako biyu kafin fitarwa, ga kuma bitar da suke yi wa shafin da wasan. Tun 2024 yana kuma neman a bayyana idan an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen samar da kayan wasan. Mai gajeren wasa ya san cewa Steam yana mayar wa mai saye kuɗinsa idan bai wuce awa biyu yana bugawa ba cikin kwana 14 da saye.

Idan na fitar kuma na gano kuskure, gyara zai ɓata ajiyar mutane?

Zai iya, in ba ka shirya ba. Ajiya tana tuna layin da mai wasa yake ta hanyar bayanin da ke cikin fayilolin rpyc. Idan ka goge su duka aka samar da sababbi, tsohuwar ajiya ba za ta gane inda take ba. Don haka ranar fitarwa ka kwafi rpyc ɗin wannan fitar ka ajiye, ka sa su a foldar old-game kusa da foldar game, wadda injin ke dubawa idan zai sake haɗa rubutun. Ka bar zaɓin ƙara from ga umarnin call, wanda ke taimaka wa ajiya gane inda za ta koma, a kunne lokacin fitarwa, kada ka canza sunayen label da suka riga suka fita, duk sabuwar ma'ajiya kuma ta shigo da default. Kafin ka ɗora gyaran, ɗauki ajiya uku da aka yi da tsohon wasan, ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya dab da zaɓin ƙarshe, ka buɗe su a sabon ka buga kowace har ta kai ƙarshe.